Taskokin Kakan Haladu

A zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya fara ratsa Birniwa da 'yan shekaru, an yi wani mutum a ƙauyen Tsamiyar Kolo, can cikin fadamar Haɗeja, ana ce masa Haladu Mai Keke. Shekara uku ya yi yana dakon buhunan gyaɗa a tashar Birniwa, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ne yake gaya wa jirgin lokacin da zai tashi. Abin da ya dawo da shi gida bai wuce uku ba: tsohon keke marar birki, da hular kwano da wani Bature ya yar, da baki. Bakin nan kuwa ba ya hutawa sai in loma ta shiga.

Ana nan sai Allah ya yi wa Bulaman garin rasuwa, bai bar ɗa namiji ba. Hakimi ya aiko cewa in an yanke shinkafa zai zo da kansa ya naɗa sabo. Kowa ya san inda rawanin ya dosa, wato wajen Isa, ɗan ƙanin marigayi, wani masunci mai sanyin hali wanda in ya yi magana sau uku a wuni to ya yi surutu. Haladu kuwa ya ce atafau, shi ne ya dace.

Matarsa Barira tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Malam, da wane asalin za ka nemi bulamanci? Kai da ba ka san komai game da kakanka ba sai sunansa, Ɗan'auta."

"Barira, ke ina kika taɓa zuwa? Ni da na ga Bature yana cin abinci da idona! Asali ai a fuska ake ganinsa. Dube ni da kyau."

Ta dube shi da kyau, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari ya ƙulle goro a aljihu, ya kafa hular kwano, ya hau keke zai zaga rugage da ƙananan unguwanni ya gaida dattawa, don su san wanda za su ambata in Hakimi ya tambaya. A bakin gari ya tarar da mata suna ɗiban ruwa, suka ce masa kada ya bi burtalin gabas, ruwan bana ya cinye shi. Ya yi dariya har da buga sirdi. Ya ce duk fadamar nan babu burtalin da bai san uwarsa da ubansa ba.

Kafin azahar ya ɓata sau huɗu. Ya shiga gonar shinkafar wani ya fito da taɓo har gwiwa. Ya bi wata hanya da ya rantse ta Auyo ce, ta kai shi gindin wata goruba ta tsaya. Ya juyo, ya hau wani tudu da bai taɓa gani ba, duk sabara da ƙaya, ya ce bari ya gangara ta ɗaya gefen. Keke marar birki kuwa in ya ga gangara ba ya shawara da mai shi. Keke ya yi hagu, hula ta yi dama, Haladu ya yi sama, ya dawo ƙasa ƙafarsa ɗaya ta zurma cikin wani rami har cinya.

"Wayyo Allah! Kada ya kama ni! Jama'a, kada!"

Babu jama'a, babu kada, sai wata kurciya da ta tashi fir. Da ya gaji da ihu ya zaro ƙafar, ya duba. Ashe bakin wata tukunya ce da aka fasa gindinta aka kifa a ƙasa, ambaliyar bana ta wanke rairayin da ya rufe ta. Ƙarƙashinta rami ne mai duhu. Ya matsa gaba, ga wata. Ya ƙara matsawa, ga wata kuma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ashirin da ɗaya, duk a gefen tudun, kowace da 'yar butar ƙasa a binne kusa da ita.

To, mutanen Tsamiyar Kolo ba su da irin wannan abu. Garinsu a ƙasa yake, in ka haƙa kamu biyu ruwa ya taso, don haka duk mai wata bukata sai ya sulale bayan gari ko bakin kogi. Shi kuwa Haladu, iyakar iliminsa na duniya tashar Birniwa ce. Ya zauna a kan tudun ya riƙe haɓa. Rami a ƙasa, an yi masa baki da tukunya, an jera shi reras. Wa yake wahalar haƙa rami haka in ba mai ɓoye dukiya ba? Ya tuna kuma ya taɓa jin tsofaffi na cewa daga wani tudu aka taso aka kafa garinsu, kuma kakansa Ɗan'auta a can ya rayu. Nan take ya ƙulla abin a ransa, ya yi sujada a kan ƙaya.

Da la'asar ya shigo gari yana tura keke, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe, ya zarce gindin tsamiya inda dattawa suke.

"Jama'a, ku tashi ku yi gaisuwa! Na gano birnin kakana, Sarki Ɗan'auta! Taskoki ashirin da ɗaya, kowace da butar mai gadinta!"

Wani dattijo ya ce, "Yaushe Ɗan'auta ya zama sarki?"

"Tun kafin a haife ka, Baba. Ku kuna nan kuna kamun tarwaɗa, tarihi yana kwance a bayan gidanku."

Isa yana gyaran komarsa ta kamun kifi a gefe, ya ɗaga kai ya ce, "Da ka tambayi Iya Falmata. A can aka haife ta."

Iya Falmata ita ce ta fi kowa tsufa a garin, idonta ya tafi, amma kunnenta da harshenta suna nan garau. Tana zaune a ƙofar gidanta nan kusa, ta kuwa ji komai.

"Jikan Ɗan'auta," ta ce, "zo nan in gaya maka abin da ka gani."

"Iya, ki huta. Wannan maganar sarauta ce, ba tatsuniyar gindin murhu ba. In an buɗe taska zan ɗinka miki zane."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Iya, ta ci gaba da taunar gorubarta.

Wanda ya fara bin Haladu shi ne Hamman maroƙi, wanda rabonsa da kyauta tun sunan 'yar marigayi Bulama. Kafin magariba ya riga ya haɗa wa Sarki Ɗan'auta kirari mai baiti tara, da yaƙe-yaƙe uku da ya ci, da giwa ɗaya da ya kashe da mari. Haladu da kansa da ya ji labarin giwar sai da ya yi ƙwalla, ya ce haka ne, ya sha jin wannan a gidansu.

Da safe maza goma sha biyu suka bi shi da fartanya da galma, kowa an yi masa alkawarin taska guda. Amma haƙa ba ta yiwuwa da yunwa. Haladu ya duba gidansa bai ga abin yankawa ba sai akuyar Barira, wadda ta raina tun tana 'yar ƙarama, ta ba ta suna, take kwana da ita a ɗaki in ana ruwa. Barira ta dawo daga kogi ta tarar da fata a shanye a kan danga.

"Malam, ina akuyata?"

"Ta tafi hidimar sarauta."

"Akuyata?"

"Haba Barira, matar Bulama da kukan akuya? Jibi war haka sai kin rasa inda za ki ɗaure shanu."

Barira ta nufi dangar. Ta ɗauki fatar, ta naɗe, ta sa a ƙarƙashin gado. Duk wanda ya san Barira ya san gara ta yi faɗa.

A kan tudu kuwa, Haladu ya ce ba wanda zai fara leƙa taskar sarki sai jininsa. Aka ɗaure masa igiya a ƙugu, ya zura kai cikin bakin tukunya da hular kwanonsa. Kai ya shiga, hula ta maƙale, kafaɗa ta ƙi wucewa. Ya yi gaba ya ƙi, ya yi baya ya ƙi. Sai ƙafafu kawai ake gani suna harbin iska, murya na fitowa daga ƙasa kamar ta kwaɗo a rijiya.

"Ku ja! A'a, ku tura! Ku ja mana, 'yan banza!"

Hamman yana tsaye a kansa yana ta zuba kirari, "Jikan mai marin giwa! Ka shiga lafiya, ka fito lafiya!" Da ƙyar mutum shida suka finciko shi, ya fito da bakin tukunyar a wuya kamar saƙandami. Sai da aka fasa ta da dutse, kunnensa ɗaya ya daina ji har kwana biyu.

Aka haƙa ramin farko har gaba biyu. Babu zinariya, babu azurfa, ko kuɗin wuri ɗaya babu. Sai wata baƙar ƙasa mai laushi, lukui, wadda ba ta yi kama da rairayin tudun ba. Ma'aikata suka fara kallon juna. Haladu ya damƙi ƙasar ya murza, ya shinshina, ya yi tsalle.

"Albarushi! Albarushin yaƙin kakana! Na ga irinsa wajen sojoji a tasha."

Aka aro bindigar wani maharbi, Haladu ya ɗura mata ƙasar nan har wuya, ya sa kowa ya kwanta ruf da ciki ya toshe kunne. Ya rufe ido ya ja kunama. Ƙyas. Ya sake ja. Ƙyas. Maharbi ya ƙwace bindigarsa yana zagi, ya ce wata guda zai yi yana wanke ta.

Da wani ne ba Haladu ba, da ya ji kunya. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya ce, "Na gwada ku ne in ga masu imani. Wa ya taɓa ganin albarushi marar wari? Wannan ƙasar asiri ce, ta farin jini. Da ita kakana yake wanka, shi ya sa duk wanda ya gan shi sai ya durƙusa."

Tirƙashi! Ai kafin ya rufe baki kowa ya cika aljihu. Wani ya shafa a goshi, wani a ƙirji. Wani dattijo da ke neman aure ya cika hularsa. Hamman, don muryarsa ta ƙara zaƙi, ya lakata ya ɗanɗana, ya ce akwai ɗan gishiri-gishiri. Kwana da kwanaki garin Tsamiyar Kolo ana yawo da baƙin goshi, har waɗanda suka yi wa Haladu dariya ranar farko. Isa kaɗai ya ƙi taɓawa, aka ce hassada ce. Haladu kuwa ya zaɓi butar da ta fi kyau, ya ɗauraye ta sama-sama, ya rataya a kafaɗa. Ya ce da ita Sarki Ɗan'auta yake shan ruwa, shi ma daga ranar ba ya sha da komai sai da ita. In ya zo gindin tsamiya sai ya ɗaga ta sama, ya kurɓa a hankali, ya yi gyatsa irin ta manya.

Iya Falmata ta sake aika masa cewa ya zo. Ya ce a gaya mata Bulama ba ya zuwa, zuwa ake yi wajensa.

Ranar da aka sa ta zo. Hakimi ya iso a kwalekwale, tare da wani Baturen lafiya mai jan wuya da ake ce wa Mai Lofe, wanda yake zagaya ƙauyukan fadama saboda ciwon gudawa da ke kwasar yara duk damina. Haladu bai bari sun ko sha ruwa a gari ba. Ya zube ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yi maganar rawani, a zo a ga wanda ya gaji rawani." Hakimi ya dubi taron baƙaƙen goshi, ya dubi Bature, ya ce a je.

Gari duka ya ɗunguma zuwa tudu. Haladu a gaba, hula a kai, buta a kafaɗa, fuska baƙa ƙirin don ranar ya ninka shafin. Hamman na biye da shi yana kirarin marin giwa. Da suka isa, Haladu ya tsaya a bakin rami ya buɗe hannu.

"Ranka ya daɗe, ga fadar kakana. Ga taskokinsa ashirin da ɗaya. Nan ne ya fi zama, kullum da safe, yana shari'a."

Hakimi mutumin birni ne, kallo ɗaya ya yi wa tukwanen nan ya ja bakin rawaninsa ya rufe baki. Kafaɗunsa suka fara rawa. Bature ya cire lofen tabarsa daga baki, ya tsuguna yana leƙe, idonsa na ƙyalli. Haladu ya ga haka ya ce a ransa magana ta ƙare, har Bature ya durƙusa. Ya tsiyaya ruwa daga salka ya cika butar, ya kurɓa ya nuna babu komai, ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, a sha da butar sarki."

Hakimi ya ja da baya har ya taka ƙafar wani. "A ina ka ɗauko butar nan?"

"A bakin taska ta farko, ranka ya daɗe."

"Kuma da ita kake sha?"

"Kwana tara ke nan."

"Subhanallahi," in ji Hakimi.

Ana cikin haka sai ga Barira ta ɓullo ta cikin sabara tana jan jaki, Iya Falmata a kai, an shimfiɗa mata fatar akuya. Barira ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ga wadda aka haifa a nan. Maigidana bai samu sukunin jin ta ba."

Aka sauko da Iya. Ta laluba da sandarta har ta taɓa bakin wata tukunya, ta ƙwanƙwasa, ta yi murmushi.

"Wannan na gidanmu ne. Ga na gidan Liman can, ya fi faɗi, don shi mutum ne mai jiki."

"Mene ne, Iya?" in ji Hakimi, ko da yake ya sani.

"Masai ne, ranka ya daɗe. Masai ashirin da ɗaya, gida-gida. Butocin nan kuwa na tsarki ne."

 Sai aka ji Hamman ya yi wani irin kaki, ya ruga cikin sabara. Dattijon nan mai neman aure ya cire hularsa ya duba cikinta, ya jefar. Maza suka shiga goge goshi da hannun riga, mata suna tafa hannu suna salati. Haladu yana tsaye da buta a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Ƙarya ne!" ya ce. "Tsufa ne ya ruɗa ta! Kakana sarki ne!"

"Kakanka shi ya haƙa su," in ji Iya. "Rufe mini baki in gaya maka abin da na kira ka sau biyu ka ƙi ji. Ɗan'auta baƙo ne, daga gabas ya zo, daga wajen Tafkin Chadi, ba shi da komai sai galma. Ya ga muna zuwa bakin kogi, muna kuma sha daga kogin, ya ce wannan ne yake kashe mana 'ya'ya. Ya bi gida-gida yana haƙa, ba ya karɓar komai sai tuwo. Aka yi masa dariya, aka yi masa waƙa, mata suka ƙi aurensa sai kakarka da ba ta jin magana. Sai ga shekarar annoba. Garuruwan da ke kewaye da mu aka rasa masu binne gawa. Mu a tudun nan, yaro ɗaya ba mu binne ba. Ina cikin yaran, shekarata shida. Da rijiyar da muka haƙa daga baya ta rushe muka gangara bakin ruwa, muka bar tudun, muka bar aikinsa, muka manta da shi. Ubanka ya ji kunyar sana'ar, bai gaya maka ba. Ni kuwa na binne 'ya'ya huɗu a sabon garin nan."

Ta juyo da makafin idanunta inda take jin numfashinsa.

"Kakanka ya fi sarki, ɗan nan. Kai ne dai ba ka kai shi ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Bature ya sa aka maimaita masa labarin, yana rubutawa a ɗan littafinsa, yana gyaɗa kai. Ya ce da irin Hausarsa, "Wannan abu shi ne ni nake nema. Wannan mutum ya gano babban tarihi." Ya yi magana da Hakimi ƙasa-ƙasa. Hakimi ya gyara murya.

"Isa, kai ne Bulaman Tsamiyar Kolo. Allah ya taya ka riƙo. Kai kuma Haladu, ka ce a ba ka gadon kakanka, kuma gaskiyarka. Mun ba ka. Gida nawa ne a garin?"

"Arba'in da uku, ranka ya daɗe," in ji Isa.

"To, arba'in da uku za ka haƙa, a kan jigawar da ke bayan gari, inda ruwa ba ya kaiwa. Iya za ta duba aikin."

Haladu ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa bai sami abin da zai sa a ciki ba. Barira ta matso ta karɓi butar daga hannunsa da yatsa biyu.

"Kawo, Malam, in ajiye maka. Za ta yi amfani a na gidanmu. Da shi za ka fara."

Haka kuwa aka yi. Rani guda Haladu ya yi a cikin rami, hular kwano na tare masa rana, Iya Falmata na zaune a baki a kan fatar akuya, tana zura sanda tana cewa, "Ƙara. Na kakanka ya fi wannan zurfi." An ce daminar da ta biyo baya makokin yara ya ragu a garin, har mutanen wasu ƙauyuka suka riƙa aikowa a ba su aron Haladu.

Kada ka ce bakin ya mutu. Ko kusa. Da yamma in ya fito daga rami sai ya zo gindin tsamiya ya ce, "Ni na gano tsohon gari. Ni na gaji kakana. Hakimi da bakinsa ya naɗa ni, Bature ya rubuta sunana a littafi." Duk abin da ya faɗa kuwa gaskiya ne, karon farko tun da aka haife shi. Sai dai duk wanda ya zauna jin labarin, in Haladu ya miƙo masa ruwa, sai ya ce yana azumi.